Mako Biyu a Tamale Wajen Makaɗan Dagomba

Da asuba muka tashi daga Kumasi a ƙasar Ghana, muka bi ta Techiman da Kintampo, muka haye gadar Buipe da ta Yapei, ba mu shiga Tamale ba sai da la'asar ta yi sanyi. A Zango na sauka, inda Hausa ta ishe ni ciniki da tambayar hanya, da dare kuma aka kawo mini tuwon zafi, wanda ko sunansa bai canja ba a bakin mutanen ƙasar.

Abin da ya kai ni shi ne lunga, wadda ake ratayawa a kafaɗa a matse ta a hammata, tamkar kalangunmu. Makaɗanta, waɗanda ake kira lunsi, gadon sana'ar suke yi, kuma su ke riƙe da tarihin sarakunan Dagbon, wato ƙasar Dagomba, tun daga Na Gbewa har zuwa Ya Na da ke zaune a Yendi.

Dattijon da aka haɗa ni da shi bai bar ni na taɓa gula ba sai a kwana na huɗu. A ƙarƙashin bishiyar darbejiya yake zaunar da ni, ya rera taken da baki, ni kuma in maimaita, domin kowane kiɗa magana ce da ke ɗauke da kirari ko karin magana. Da na nuna gajen haƙuri, sai ya ce, "Ɗana, abin da bakinka bai iya faɗa ba, hannunka ba zai faɗa ba." Na ce, "To, Baba," alhali a raina ina ganin ɓata lokaci ne. Sai da na rungumi lungar na gane cewa wahalar ba a bugun take ba, tana wajen matsa tsarkiya da sassauta ta daidai da hawa da saukar murya, aikin da ya bar mini hannun hagu da tsami har na kasa ɗaga buta.

Rawar takai kuwa, wadda maza ke kewayawa suna karo da sandunan ƙarfe, rigunan saƙinsu suna buɗewa kamar laima, kallo kawai na yi.

A ranar da zan taho na buga take guda, mai buga babbar gangar da suke kira gungon yana mara mini baya. Wata tsohuwa da ke wucewa ta sauke tallarta, ta taka sau uku ko huɗu, sannan ta liƙa mini kwabo a goshi ta ci gaba da tafiyarta.