Asabar a Terminus, neman 'yar wuƙar aljihu

Ruwan daren jiya ya jiƙa ƙasa sosai, shi ya sa da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, na zagaya lambun bayan gida don in duba 'yan itatuwan mangwaron da na shuka bara. Sun yi kaurin fensir, wato sun isa aure ke nan, a haɗa musu reshen wata bishiyar mangwaro. Abin da ya hana ni farawa shi ne rashin wuƙa. Ta kicin ta yi girma, kuma uwargida ba ta yarda a fita da ita ko nan da ƙofar gida. Reza kuwa da zarar ta ci karo da itace mai ɗan tauri sai ta lanƙwashe, yankan ya fito a karkace. Auren bishiya yanka ɗaya yake so, sumul, yadda fuskar reshen da aka ɗebo za ta manne da ta uwar, iska da ruwa su rasa ta inda za su shiga. In yankan bai yi kyau ba, ka ɗaure da leda ka yi ta jira, ƙarshenta ka tarar reshen ya bushe.

Albashi bai shigo ba. Da na ce wa uwargida zan leƙa kasuwar Terminus da ke nan Jos in nemo 'yar wuƙar aljihu, sai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Abban yara, wuƙa nawa ce a gidan nan? Gas fa ya kusa ƙarewa." Na ce mata ba zan taɓa kuɗin cefane ba, kuma in abin ya fi ƙarfin canjin da ke aljihuna zan dawo hannu rabbana. Ta ce Allah ya sa.

Na hau keke daga Bauchi Road. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, cinikin ya watsu a bakin titi da lunguna, don haka neman ƙaramin abu irin wannan sai an taka da ƙafa. Teburin farko na wani saurayi ne mai sayar da tocila da kwaɗo da abin yanke farce. Ina ambaton wuƙar aljihu ya zaro mini jajayen nan masu alamar kuros, kowace da kai kusan goma: almakashi, zarto, mabuɗin kwalba, har da ɗan tsinken sakace. Ya ce, "Yallaɓai, ta sojan Suwizalan ce, orijina." Farashin da ya faɗa shi ya fara tona asirin. Ta ainihi kamfanin Victorinox ke yin ta a garin Ibach, inda Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a 1884, kuma ba a sayar da ita kuɗin faranti biyu na shinkafa da wake. Na buɗe babban ruwan, na kama shi da yatsa biyu na girgiza, sai ga shi yana rawa hagu da dama. Almakashin ya kasa yanka ledar da aka naɗo shi a ciki. Na mayar masa na ce Allah ya kawo kasuwa. Araha ba ta ado, amma wannan ko aikin ma ba za ta yi ba. Kuɗin da bai isa a yi ruwan wuƙa guda mai kyau ba, shi aka raba wa kai goma.

Can ciki, wajen masu kayan ƙarfe, na tarar da wani dattijo a ɗan shagonsa, adduna da lauje a rataye, wuƙaƙen mahauta jere a kan buhu. Na gaishe shi, na faɗa masa aikin da zan yi. Bai ce komai ba, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara ya zazzage a kan tebur. Ina ganin ƙotar katakon nan mai launin ja-ja da adon wata da taurari na gane ta. Okapi ce. Irinta kawuna yake da ita lokacin muna yara, da ita yake fere rake, ya fiƙe alƙalamin allo, ya yanka igiyar ɗaurin akuya, in ya gama ya goge a gefen riga ya mayar aljihu.

"Baba, ta Jamus ce?" na tambaye shi.

Ya yi dariya ya ce, "Malam, ta Jamus ai sai dai a gidan gado. Waɗannan daga Afirka ta Kudu suke." Haka ne kuwa. A garin Solingen na Jamus aka fara ƙera ta a 1902, musamman don kasuwannin Afirka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Tun asali ba don ado aka yi ta ba. Wuƙar manomi ce da makiyayi da lebura, aka yi ta da arha don mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye, in ta ɓace kuma ba zai kwana yana juyi ba.

Ya miƙo mini babbar, mai zobe a baya. In ka buɗe ta tana ƙara ƙarat-ƙarat har ta kulle, ba ta rufuwa sai ka ja zoben. Ta yi kyau a hannu, ba ƙarya. Amma na ajiye ta. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da doguwar wuƙa mai kullewa ke nufi idan aka lalube ta a aljihun mutum a shingen jami'an tsaro. Kafin ka gama bayanin mangwaro an riga an sa ka a layin 'yan sara-suka. Wannan lissafi ne da masu yabon wuƙaƙe a intanet ba sa sakawa, don ba a Jos suke zaune ba. A nan ƙanƙantar wuƙa ma wani amfani ne. Na ce ya ba ni ƙaramar, wadda ruwanta bai wuce tsawon yatsata ba, ba ta da makulli, sifirin bayanta kaɗai ke riƙe ta in an buɗe.

Kafin mu shiga ciniki sai ya ce bari ya nuna mini wata da ya tsinta a kayan gwanjo. Opinel ce ta Faransa, lamba 8, ƙotarta zagayayya, fara, da ɗan zoben ƙarfe a wuya da ake murɗawa a kulle. Na daɗe ina karanta labarinta a waya, ban taɓa riƙe ta ba sai yau. Joseph Opinel ya fara yin ta a yankin Savoie a 1890, zoben kullewar kuma a 1955 aka ƙara shi. Ruwan lamba 8 santimita 8.5 ne, siriri, irin wanda ke shiga itace ba tare da ya tsaga shi ba, ga ta ba nauyi ko kaɗan. In don auren bishiya ne kawai, ita ce ta fi dacewa, ba ni da ja. Abu biyu suka tsayar da ni. Na farko kuɗin, don a can ƙasarta wuƙar talaka ce, amma kafin ta iso Jos canjin yuro ya mayar da ita ta masu hali, dattijon ya sa mata ninkin ƙaramar Okapin har sau da yawa. Na biyu katakon. Ƙotarta itace ne zalla, babu ƙarfe a ciki, in ya sha danshi sai ya kumbura ya matse ruwan wuƙar. Masu ita har dabara suke da ita, su buga gindin ƙotar a kan tebur don bakin ya leƙo. Daminar Jos kuma daga Afrilu har Oktoba take, ni kuma cikin jiƙaƙƙen lambu zan yi aiki. Na shafa ta na mayar gwangwani, raina yana biye da ita.

Muka dawo kan ƙaramar. Ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka. Na ƙara kaɗan, ya ce, "Malam, ka ga furfurata, ba zan cuce ka ba." Na ce, "Baba, wata ya yi nisa." Muka yi dariya, ya sallama. Kafin in biya na yi mata gwajin da na yi wa ta saurayin. Ruwan bai girgiza ba. Na rufe, ya koma tsakiyar ƙotar bai goga gefe ba, tsinin kuma ya nutse ciki, ba zai huda aljihu ko yatsa ba. Sifirin yana da ƙarfi, in ta rufe sai ka ji ƙas. Ƙusoshin ƙotar a daddanne suke. Abin da zan duba ke nan a kowace wuƙa mai naɗewa, ko ta nawa ce.

Dattijon ya ce in bi ta wajen wani maƙeri a hanyar Katako ya buɗe mata baki, don sabuwar wuƙa irin ta wannan farashi ba ta zuwa da cikakken kaifi. Na same shi yana zuga, yaronsa na riƙe da awartaki. Ya karɓa, ya ɗan goga magagari a bayan ruwan, ya saurari ƙarar, ya ce, "Baƙin ƙarfe ne, za ta ci." Daga nan hira ta ɓarke. Shi wuƙaƙensa daga tsohon sifirin mota yake ƙera su, ya gasa a gawayi har ya yi ja, ya tsoma a baƙin mai, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi tauri har ya riƙa karyewa. A wurinsa duk sirrin wuƙa a wannan tsomawar yake, sauran kwalliya ce. Ya nuna mini wata da ya yi, da kubenta na fata, kuɗinta ma bai kai na tawa ba. In don yanka kawai ne, tasa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, don babu gaɓar da za ta saki. Sai dai wuƙa mai kube a ƙugu take zama, ni kuma ba zan shiga aji gaban ɗalibai da kube a ƙugu ba.

Na tambaye shi batun farin ƙarfe marar tsatsa. Ya taɓe baki ya ce na matan gida ne. Ban yarda da shi duka ba. Farin ƙarfe sinadarin kuromiyom ake zuba masa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke hana shi tsatsa, kuma mai kyansa yana yanka sosai. Amma a farashin da aljihuna ya kai, farin da ake samu yawanci mai laushi ne, ka wasa da safe ya dakushe kafin azahar. Baƙin ƙarfe mai arha ya fi farin ƙarfe mai arha, sharaɗin dai ka iya kula da shi. In ka yanka lemo ko mangwaro ka bar shi a jiƙe, gobe za ka tarar da jan tsatsa. In kana gogewa, sai ya yi duhu-duhu a hankali, wannan duhun kuma ba lahani ba ne, har ɗan kariya yake ba shi.

Ya wasa ta a dutse da ruwa, yana ɗaga bayan ruwan kaɗan, gefe ɗaya har sai da ɗan gashin ƙarfe ya fito a ɗaya gefen, sannan ya juya. Ya ƙarasa a kan wani tsohon bel. Ya aske gashin hannunsa da ita ya miƙo mini. Ya ce in ba ni da dutse a gida, gindin kofin tangaran, inda ba a shafa masa ƙyalli ba, ya isa gyaran yau da gobe. Ɗigon man keken ɗinki a gaɓa, ruwan kuma a shafa masa ɗan man gyaɗa tunda za ta taɓa abinci.

Bayan la'asar na karɓo rassa daga bishiyar maƙwabcina, mai manyan 'ya'yan nan marasa zare. Na goge ruwan wuƙar da sifirit, na fiƙe gindin kowane reshe ta fuska biyu, na tsaga kan uwar, na cusa, na naɗe da leda tam. Yankan yana fita a ja ɗaya, fuskar itacen tana sheƙi. Da wuƙar da saurayin nan ya so sayar mini, da yanzu ina neman filasta. Ko auren zai kama, sai nan da 'yan makonni in idon ya tsiro za a sani, amma ɓangaren wuƙa dai ta sauke nauyinta, kuma kuɗin gas yana nan ban taɓa ba. Ga wanda zai zauna ya wasa, ya goge, ya shafa mai, wannan ciniki ne mai riba. Wanda ya san in ya yanka abu jefarwa zai yi cikin aljihun mota ya manta, gara ya ci gaba da sayen rezarsa.

Uwargida ta karɓa ta juya ta, ta fere dankalin Turawa guda da ita, ba ta ce komai ba, amma ta tambayi inda zan riƙa ajiyewa saboda yara. Muka tsayar a saman wadrob in ina gida, cikin jakar kayan lambu in zan fita aiki. Yawo da ita cikin gari da dare babu shi.

Bayan isha'i ƙanena ya shigo, ya gan ta a kan tebur, ya buɗe ya gwada a farcensa. "Yaya, ka ara mini ita da babbar Sallah, fiɗar rago za ta yi daɗi da wannan." Na ce masa wuƙar da ba ta da makulli ba a tura ta cikin haƙarƙari da hannu mai maiƙo, rufewa za ta yi a kan yatsunsa. Na kwatanta masa wurin maƙerin hanyar Katako, na ce ya je da wuri kafin mahauta su cika masa rumfa.