Godiya ga Baba Laburare da mutanensa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi. Jiya babbar 'yarmu ta rubuta takardarta ta ƙarshe ta WAEC, ta dawo ta jefar da jaka ta yi barcin da ban ga ta yi irinsa ba tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona. Baban yara kuma ya koma kasuwa, tarin ya tafi. Kun san abin da muka shiga tun daren da motar asibiti ta ɗauke shi zuwa cibiyar killace masu korona da ke Kwanar Dawaki, ba sai na tono shi ba. Har yanzu jikina bai gama dawowa ba, amma akwai nauyin da nake so in sauke yau.

Likitoci da nas-nas da suka kula da shi, Allah ya saka muku. Maƙwabciyata da ta riƙa miƙo mana kunu da ƙosai ta saman katanga duk lokacin buɗa-baki, Allah ya gina miki gida a Aljanna.

Amma wanda na zauna rubutu dominsa shi ne dattijon da ke kula da laburaren da yarana suke zuwa. Ya roƙe ni kada in ambace shi. Baba, ka yi haƙuri, zan kira ka da sunan da yaran unguwa suka sa maka, Baba Laburare.

Ku tuna yadda Kano take a lokacin. An kulle gari ranar 16 ga Afrilu, ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu, ga azumi, ga mace-macen dattawa, kullum gari ya waye sai ka ji an rasa wani babba. Mu kuma an ce kada mu fita ko'ina. Yaran da suke cika soronmu da wasa duk iyayensu sun janye su, ban kuma ga laifinsu ba. Autanmu mai shekara 7 ya ƙi ci, ya ƙi barci, sau biyu ina kamo shi a bakin ƙofa da takalmi a hannu wai zai je nemo babansa.

Ranar wata Litinin, cikin ranakun da ake sassauta kulle mutane su yi cefane, na ji ana buga ƙyaure. Kwana tara ke nan ba wanda ya buga ƙofar nan. Wallahi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na riga na yanke a raina cewa saƙon rasuwa ne aka aiko. Na tsaya a soro ina Innalillahi, yara sun riƙe mini zane, na kasa tambayar ko wane ne. Sai na ji murya daga waje: “Maman yara, ni ne na laburare. Kada ki fito. Ga saƙo nan na ajiye, ku shigar da shi soro, amma ku bar shi kwana uku kafin ku taɓa.”

Na leƙa ta kafar ƙyaure. Yana tsaye can nesa riƙe da kekensa, da takunkumi a fuska, gumi ya jiƙe masa riga, kuma yana azumi. Mutum mai irin shekarun waɗanda ake ta binnewa a makon nan. Na ce, “Baba, me ya fito da kai?” Ya ce laburare a rufe yake, amma ya tuna yarinyar tana da jarrabawa, shi ya sa ya rubuta littattafan da sunansa a rajista. Na zauna a ƙasa na yi kukan da na kwana tara ina haɗiyewa.

Littattafai 11 ne a buhun: tsofaffin tambayoyin lissafi da Turanci da bayoloji, masu hotuna na ƙananan, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam duka ukun. Ya haɗo da takarda da rubutun hannunsa, kowane yaro da abin da zai fara da shi. A gaban sunan auta ya rubuta a riƙa karanta masa na farko kowane dare. Sai da muka fara na gane hikimarsa, domin a nan ne aku yake ta ba ɗan sarki labari don ya hana shi fita daga gida. Yaron nan ya daina zuwa bakin ƙofa. Da an idar da tarawihi zai ɗauko littafin ya ɗora wa yayarsa a cinya.

Sai Malamar sashen yara na laburaren, wadda ta saka lambata a zauren WhatsApp da suka buɗe. Kowane dare takan turo karatu da muryarta, ta yi tambaya a ƙarshe, yara su amsa. A nan muke ganin lokutan darasin rediyo, a nan kuma aka fara sanar da mu cewa jarrabawa ta koma 17 ga Agusta. Da saƙonnin maganin ƙarya suka yi yawa, ita ce ta riƙa ce mana kada mu sha abin da likita bai faɗa ba. Malama, yarana sun san muryarki kamar ta gwaggonsu.

Na so in yi shiru a kan dangi, amma abin yana raina. Ban sa ran kowa ya zo ba, ni ma da ba zan so ku zo ba. Kira ɗaya a waya kawai na yi ta jira daga wasu, har aka sallame shi bai zo ba. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ya Allah, ka jiƙan waɗanda annobar nan ta ɗauke, ka ba iyalansu haƙuri. Ka ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ka shirya masa zuri'a, ka haskaka kabarin iyayensa, ka sa kowane harafi da yarana suka karanta ya zama haske a mizaninsa, shi da Malama da duk ma'aikatan wurin. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Baba, littattafanka suna nan cif, shafi ɗaya ne ya yage a Magana Jari Ce na biyu kuma mun liƙe shi. Baban yara ya ce ranar Litinin shi da kansa zai ɗauko buhun ya kawo maka.