Ashe Altaneta Ba Ta Da Laifi

Mako biyu na yi ina tsine wa altanetar Hayis ɗina, alhali baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Ɗanyen kifi nake ɗaukowa daga Haɗejiya zuwa Kano, da firiza a bayan mota. Bara na gaji da batiran ruwa da ke mutuwa duk bayan 'yan watanni, na rufe ido na sayi na litiyam, LiFePO4, mai amfiya-awa 200. Muka ɗaura masa altaneta ta biyu, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, da regileta na waje mai daidaita wutar da take bayarwa, aka saita ya tsaya a bolt 14.2. Amma duk tafiyar da zan yi, mitar da ke kan batir ba ta wuce 13.5, ga firiza tana ɗaukewa kafin asuba.

Rewayan farko ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce, "Alhaji, kwayil ya ƙone, sai sabuwa." Saura ƙiris in biya.

Abin da ya tsayar da ni shi ne na fara gane halin batirin. Na ruwa, da ka ba shi caji sai bolt ɗinsa ya yi tsalle sama. Litiyam ba haka yake ba: yana lafewa tsakanin 13.3 da 13.6 yana ta zuƙar wuta, sai ya kusa cika sannan ya ɗaga. Wato 13.5 ita kaɗai ba shaidar komai ba ce. Amfiya nawa ke shiga, nan maganar take.

Na aro mita mai baki kamar filaya, na maƙala a waya. Da tayar da inji ta nuna 50 da ɗoriya, minti kaɗan sai ta fara zamewa ƙasa, batir kuwa ko rabi bai kai ba. Na duba bel, ba baƙar ƙura a kan fuli, ba ya santsi. Sai na ɗora tsinken mita a bayan altaneta: 14.2 cif. Na zagaya baya na ɗora a kan batir: 13.5. Bolt 0.7 ya salwanta a hanya!

Waya mai kaurin sikwaya milimita 16 aka ja daga altaneta zuwa batir, kusan mita 5 zuwa, 5 dawowa, ga wani noti a negatif da ya yi kore shar da tsatsa, har da ɗumi in ka taɓa. Babban kuskuren kuma, siririyar wayar da regileta ke jin ƙarfin batir da ita, a jikin altaneta aka ɗaure ta. Shi yana ganin 14.2, ya ɗauka an ƙoshi, sai ya janye hannu.

Muka sa mai 35, na goge notin da samfefa, muka kai siririyar wayar har kan batir da ɗan fis ɗinta.

Sai wata ta ɓullo. Yanzu da hanya ta buɗe, batirin na jan duk abin da altaneta ke da shi, kafin Gujungu ta fara warin ƙauri. Na liƙa mata na'urar jin zafi, na rage wa regileta ƙarfi kaɗan. A zafin Afrilu cajin yakan ja baya wajen Ringim, in ta huce ya dawo. Jiya da 14.1 na shiga 'Yankaba, kifi kamar dutse.