Rigar da na sa yaro ya tuɓe

Ranar Lahadin da ta wuce, kasuwar Tawa ta fara watsewa, ina kan babur zan koma gida, sai na hangi wata kamiyo tsaye a bakin gudron, can mafitar gari ta hanyar Ƙonni. Rana ta faɗi, ana shirin kiran magariba, daidai lokacin nan da ido ke yaudarar mutum, ba haske ba duhu. Tayar baya ta hagu ce ta fashe, wato ɓangaren da motoci ke wucewa. Mutum biyu na tsugune a gindinta, duk jikinsu a kan kwalta. Sai da na matso ƙwarai na gane ɗaya ɗan ƙanwata ne, wanda bai cika shekara biyu da karɓar mabuɗi ba, ɗayan kuma aparantinsa, wato yaron motarsa. Ni ke nan da ke tafe a hankali. To ina ga mai bas ɗin da ya taso daga Yamai tun asuba, yana sauri ya shiga gari?

Na tsaya na ce, "Kai, ina jilenka?"

Ya zare abin da ya toshe kunne da shi, ya nuna mini madubi. Can jilen yake a rataye, rigar nan mai ƙyalli da ake sawa don masu mota su hango mutum, ya yi baƙi ƙirin, da shi yake goge hannu in ya duba mai.

"Kawu, minti biyar ne mu gama."

"Tiriyangil fa?"

"Ai mun sa ganye."

Ganyen kuwa da suka sa a madadin tiriyangil, alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa bayan mota in ta tsaya a hanya, reshen sabara biyu ne, ko taku goma ba su kai ba daga bayan motar. Na yi ta faɗa har masu wucewa suka fara tsayawa. Bai mayar mini ba, don ni kawunsa ne, amma na ga jira yake in gaji in tafi. Na san kallon nan. Da shi na riƙa kallon duk wanda ya kawo mini wannan magana, shekara da shekaru.

Ina yaro na shiga mota, aparanti a kan hanyar Tawa zuwa Arlit, hanyar uraniyom, lokacin kwaltarta da sauran kyau. Iyayen gidanmu na wancan zamani ba su san wani jile ba. Mutum zai shige ƙarƙashin mota da silifas, jak kaɗai ke riƙe da ita, ya fito ya hau saman kaya ya ɗaure bash cikin iska, in ya sauko lafiya a ce namiji. Ana yabon direba ne in ya kwana bai runtsa ba, in ya sa giya ba a ji ƙara ba, in ya ɗaure motarsa da waya da roba a tsakiyar daji ta kai shi gida. Ban taɓa jin an yabi wani don ya yi hattara ba. Mai hattara sunansa matsoraci.

Da na zama direba, sai ga jile ya fara tare mu a ƙofofi: ƙofar kamfanonin ma'adinai, tashar jirgin ruwa ta Kwatano, wuraren lodin siminti da na mai. Mai gadi ba zai ɗaga sanda ba sai ya ga rigar a jikinka, hular kwano a kanka, takalmi mai ƙarfe a baki a ƙafarka. Mu kuwa muka ɗauki abin tamkar kuɗin hanya, a biya a wuce. Jile ɗaya yakan shigar da direba uku, wannan ya fito ya miƙa wa wancan. Kana fita ƙofa ka tuɓe ka cusa bayan kujera. Rigar masu shara muke ce masa.

Kuma kada wani ya ɗauka ba mu da dalili. Yaro ƙarami da takarda a hannu, wanda bai taɓa juya sitiyari ba, shi ne zai nuna maka inda za ka taka da inda ba za ka taka ba, kai da ka kwana uku a hanya. Ga zafi. Wanda ya ɗinka rigar nan ta leda bai taɓa sauya taya a Abalak cikin bazara ba, har gobe ina faɗin haka. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, mutanen da ke korar ka don ba ka sa jile ba, ba sa tambayar yaushe rabonka da barci, ba sa tambayar lodin da aka ɗora maka ya wuce ƙa'ida ko bai wuce ba. Sai muka yanke cewa dokokin nan don takardunsu aka yi su, in abu ya faru su ce ba laifinsu. Akwai gaskiya a ciki, har yanzu akwai. Ita ce gaskiyar da na fake bayanta.

Ina da wani aparanti a lokacin, ɗan ƙauye daga wajen Keita, yaro shiru-shiru, mai sallah a kan lokaci. A ƙofar wani kamfani aka ba shi jile sabo fil, ya ɗauki son duniya ya ɗora wa rigar nan. Wanke ta yake, ya shanya a kan madubi, ya ninke. Ko abinci muke ci a tasha tana jikinsa. Ina jin ita ce abu na farko da aka taɓa ba shi wanda ke nuna shi ma ma'aikaci ne. Wata rana a Agadas, cikin taron direbobi ana shan shayi, na dube shi na ce, "Kai, jandarma ka zama ne, ko shara aka ɗauke ka?" Aka fashe da dariya. Ya yi murmushi, ya tuɓe, ya ninke, ya sa a jaka. Daga ranar ba ya ƙara sa ta sai in mai gadi ya tilasta.

Ba a yi wata biyu ba. Hunturu ne, hazo ya rufe. Muka taso daga Agadas za mu Tawa, kilomita 400 da ɗoriya. Fitilun bayan rimok, wato tirelar da motar ke ja, sun mutu tun kafin mu tashi, kuma na sani. Na kira mai mota, ya ce in lallaɓa in iso gida a duba. Tiriyangil ɗina ya daɗe da karyewa, ba ya ma tsayuwa, ina ajiye da shi ne kawai don nuna wa jandarma. Tsakanin Abalak da Tabalak, bayan isha, taya ta fashe, ta hagu. Gefen hanya rairayi ne, in na sauka da lodi motar za ta kafe, sai na bar rabinta a kan kwalta. Na ce ya saro reshe ya sa. Ya sa, kusa-kusa, kamar yadda ya ga ina yi. Na ce masa mu yi sauri, yanzu za mu gama.

Ina ɓangaren dama ina kwance tayar ajiya na ji kukan birki. Wata ƙaramar motar haya ce ta biyo bayanmu. Direbanta bai ga rimok ba sai da ya zo kansa, ya murɗe sitiyari hagu don ya tsira da fasinjansa, daidai inda yaron ke tsugune da sifana a hannu, cikin riga mai launin baƙin mai. Mutumin ya fito yana salati, yana rantsuwa bai ga kowa ba. Na yarda da shi tun a daren.

A Tawa aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Mai mota bai taɓa rubuta sunansa a CNSS, asusun inshorar ma'aikata, ba, wa ke rubuta aparanti? Ba shi da ko takarda ɗaya mai nuna yana aiki. Aka ba da abin da aka bayar, aka ce ƙaddara. Ni na kai wa mahaifinsa jakarsa. Tsohon ya zazzage ta a gabana a kan tabarma: tasbaha, ɗan madubi, wando ɗaya, sai jilen nan a ninke, tsaf, kamar ranar da aka ba shi.

Shekaru na yi ina jera masu laifi, kuma layin na da tsawo. Mai ƙaramar motar gudu yake, fitilarsa ido ɗaya. Mai mota ya hana kuɗin gyara. Hanyar ta lalace, ba ta da gefen tsayawa. Hazo ba ni na kawo shi ba. Kuma wa ya tabbatar cewa da rigar na jikinsa da an gan shi? Duk wannan na faɗa, wani lokaci ma har yau in dare ya yi nakan sake faɗa wa kaina. Sai dai lissafi ba ya jin lallashi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Mutum mai baƙaƙen kaya, fitila ba ta nuna shi sai kamar a mita 30. Kafin ƙafa ta bar totur ta kai birki an riga an gama. Zanen nan masu ƙyalli da ke jikin jile kuwa, mayar da hasken fitila suke inda ya fito, wato wajen idon direba, ana hango su fiye da mita 100. Ko hazo ya ci rabi, saura ya ishi mutum ya san akwai rai a gabansa. Faransa, da ke da hanyoyi masu faɗi da gefen tsayawa, tun 2008 ta wajabta jile da tiriyangil har a ƙananan motoci. Mu da ke tsayawa a tsakiyar kwalta cikin duhu, mu ne muka raina shi.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na yi imani da haka. Amma maganar ɗaure raƙumi kafin dogara ga Allah tun ina makarantar allo na san ta, ba ta hana ni komai ba. Layar da ke rataye a gaban motata na biya kuɗinta da kaina. Wayar fitila kuwa na tsaya jiran mai mota, alhali abin da na kashe a shayi da sigari a ranar ya isa a ɗaure ta.

Da na zauna wannan rubutu, shawara goma na shirya muku, ku matasan direbobi, har da maganar jak da kal da hawan saman kaya. Na fasa. Ba za ku karanta ba. Ku da ba ku iya barin bidiyon minti ɗaya ya ƙare kafin ku tura shi sama. Mu jahilci ya yi mana yawa, ku kuwa kun yi lakwal, kun yi farmi da karatu, kullum hoton haɗari na shigo muku ta WhatsApp, ku ce Allah ya jiƙan rai ku tura gaba. Na ga direban kamiyo yana ɗaukar kansa hoto don TikTok yana tuƙi da hannu ɗaya, lodi har sama. Mu aƙalla kunnenmu na kan injin.

To ga abin da ya rage. Ka sa jile kafin ka buɗe ƙofa, ba bayan ka gama duba tayar ba, kuma yaronka ya riga ka sawa, don shi ne ke tsugunawa a bakin mutuwa, kai kana tsaye kana ba da umarni. Ka wanke shi. Jilen da baƙin mai ya rufe tsumma ne. Ka zuge shi har sama, don in yana reto bel ɗin injin ko kardan, ƙarfen nan mai juyawa a ƙarƙashin mota, na iya fizgar sa ya ja ka ciki. In zif ɗin ya lalace kuma injin na aiki, gara ka tuɓe shi. E, ni da ke cewa ka sa, ni ke cewa ka tuɓe, kai ne da ido a wurin. Kuma kada ka dogara da shi, ba ƙarfe ba ne. Wanda ya sha tramol ko ya dulmuya cikin waya, ko wuta ka kunna a ka ba zai gan ka ba. Tiriyangil ka kai shi nesa. Littafi ya ce mita 30, ni na ce ka yi taku ɗari, in akwai kwana ka kai shi bayan kwanar. Ka ƙara da ganye in kana so, amma in ka gama ka kwashe ganyenka da duwatsunka, na taɓa ɗaga mai babur da dutsen wani direba ya kayar.

Kada ka tashi da motar da ba ta da fitilar baya. Ka ajiye mabuɗi. Na faɗa, amma na san mutum goma na tsaye suna jiran mabuɗin nan. Tun da aka rufe ma'adinin uraniyom na Kominak a 2021, aka kuma rufe iyakar Benin a 2023 motoci suka koma bin Lome ta Burkina cikin ayari, lodi ya yi wuya, wanda ya samu mota riƙe ta yake da hannu biyu. Ba zan ce ka bar iyalinka da yunwa ba. To ka gyara da aljihunka. Wannan ma ba na son faɗar sa, don shi ke koya wa masu mota rowa, amma na ga abin da jira ya haifar.

Sai kuma wadda ta fi duka. Kada ka yi wa yaronka dariya a gaban mutane don ya kiyaye kansa. Aparanti ba ya jin dokar kamfani, ba ya jin jandarma, fuskar maigidansa yake kallo.

Yaron nan yanzu magidanci ne, yana sayar da shayi da burodi a garinsu, sandarsa jingine da tebur. Duk sallah nakan je. Har yau Maigida yake ce mini, ya ba ni kujerarsa, ya ƙi karɓar kuɗin shayi. Bai taɓa tayar da maganar Agadas ba, ni ma ban taɓa iya tayar da ita ba.

Ranar Lahadin nan ban tafi ba. Na ja babur ɗina can baya, na kunna fitila, na tsaya ina ɗaga wa motoci hannu har suka gama. Minti biyar ɗin ya kai su bayan isha, don goro biyu sun ƙi kwancewa. Da safe na shiga kasuwa na sayo jile biyu da tiriyangil. Ɗan ƙanwata ya karɓi nasa ya ce, "Kawu, ka wahalar da kanka." Na aparantin ban bi ta hannunsa ba, na kira yaron gefe na ba shi da kaina, na ce duk wanda ya yi masa dariya ya zo ya gaya mini, ko da maigidansa ne. Laraba za su tafi Galmi lodin albasa, daga can sai Gana.