Shagon Murafan Kwalba

Lokacin da na kama aiki a cibiyar renon yara ta kwalejinmu, takardar shaidar koyarwa ta NCE da na samu ko shekara ba ta yi ba. Ɗakuna biyu ne a bayan sashen nazarin ilimin ƙananan yara, sai 'yar haraba da inuwar darbejiya ta rufe rabinta. Aka ba ni 'yan shekara uku zuwa biyar, su 23, ni da wata dattijuwa mai taimaka min wadda kowa ke kira Inna. Yawancinsu 'ya'yan ɗalibai mata ne, sauran na malamai da ma'aikata.

Reno a cikin kwaleji daban yake da na gari, domin jadawalin lakca ne ke juya mu. Wata za ta kawo nata bakwai da rabi tana sauri, jaka a kafaɗa, goyo a baya. Wata sai sha ɗaya. Wata ta faki tsakanin lakca biyu ta zo ta ba ƙaramin nono, ta leƙa babban ta taga. Lokacin jarrabawa ɗaki cike yake har la'asar. In aka shiga yajin aiki kuwa, daga mu sai ƙudaje. Duk darasin da na tsara wa ƙarfe takwas, rabin aji bai ji shi ba.

Amma duk da haka allo na kama. Na san labarin Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantarsa suna "lambun yara" a 1840. Na san Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907. Na rubuta su a jarrabawa, na ci. Da na tsaya gaban yara kuwa, abin da aka yi min ina ƙarama shi na maimaita: in faɗa, su amsa. Cikin wata biyu ajina na ƙirga ɗaya zuwa hamsin da Turanci, murya har ofishin shugaban sashe. Iyaye suna ta sa albarka, ni kuma kaina ya fara girma.

Wata rana za a sha kunu, na ce da yaron da ya fi kowa iya ƙirgan ya miƙo min kofi huɗu. Ya je ya rungumo iya abin da hannunsa zai ɗauka, guda bakwai. Na ce ya ƙirga. Ya fara, yatsansa na kan kofi na biyu bakinsa ya kai shida. Inna tana goge tabarma, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malama, wannan ai waƙa ya iya, ba ƙirga ba."

Maganar ta tsaya min a rai har na koma gida.

Kuɗin sayen kayan wasa babu, don haka na bi masu sayar da lemo a bakin ɗakin kwanan ɗalibai na roƙi murafan kwalba. Iyaye suka kawo gwangwanayen madara, kwalin sukari, kwalin ashana da robar man shafawa da suka ƙare. Wani birkila da ke gini kusa da mu ya zuba mana baro biyu na yashi. Muka kifa kwali a kusurwar ɗaki, shago ya tashi. Murfi shi ne kuɗi: madara uku, sukari biyar, ashana ɗaya. Amfanin shago shi ne ba shi da ƙarfe nawa ake farawa. Wanda ya zo sha ɗaya ma ciniki zai tarar.

Makon farko na ɗauka koyo ta hanyar wasa shi ne a sake su, sai na koma gefe ina cika rajista. Aka yi dambe a kan waye mai shago, murafai suka zama harsashi. Mako na biyu na wuce gona da iri, ina tsaye a kansu, kai saya wannan, ke ba shi canji. Nan da nan suka watse suka koma tuwon ƙasa, suka bar ni da shagona. Sai a hankali na gane wurin zamana: a kan tabarma kusa da su, da kuɗina a hannu kamar kowa, in sayi abu in lokaci ya yi, in jefa tambaya ɗaya, in kama bakina.

Kama bakin ne mai wuya. Akwai wata 'yar shekara huɗu da ta fi kowa son zaman shago, har da ɗaura ɗankwali irin na kakarta, in an taya ta ce "albarka". Wani ya zo sayen sukari ya ajiye murfi biyar a dunƙule. Ta ce bai cika ba. Na gaba da shi ya baza nasa biyar ɗin a jere, sun yi tsawo, ta karɓa da murna. Na farkon ya fashe da kuka. Na buɗe baki zan ce duka biyar ne, sai na tuna wannan shi ne abin da Piaget, masanin nan ɗan Suwizalan, ya bayyana: yaro a wannan shekarun ido yake bi, abin da ya fi faɗi a wurinsa shi ya fi yawa. Ko na faɗa mata, "to" kawai za ta ce don ni babba ce. Sai na ce, "Hajiya mai shago, yaya za mu yi mu gane wanda bai cika ba?" Ta yi shiru tana kallon kuɗin. Ranar dai ba a warware ba, sai Inna ce ta lallashi mai kuka. Bayan kwanaki na gan ta tana jera murafan mai saye, kowanne a gaban nata, ɗaya bisa ɗaya, kamar sahu biyu. Da suka yi daidai ta miƙa sukari. Ba wanda ya nuna mata, kuma daga ita sauran suka ɗauka.

Na yi kuskuren da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Na ƙara ƙwallayen tsamiya a matsayin canji. Wani ɗan shekara biyu daga ɗakin ƙanana ya shigo bayan yayarsa, ya cusa ɗaya a hanci. Da gudu muka kai shi asibitin kwaleji, nas ta ciro, uwarsa ta baro lakca tana kuka. Laifina ne, na kuma ce mata laifina ne. Tun ranar duk wani ƙaramin abu ya bar ɗakin, murafai kuma ana ƙirga su safe da yamma, a rufe su a gwangwani a saman kabad in ƙanana za su shigo.

Iyaye fa? Nan ne aka yi ta. Ƙirgan safe ya ragu, littafi ya daina komawa gida cike da jan biro. Mahaifin yarinyar nan mai shago, Dakta ne kuma malami a kwalejin, ya tare ni a ƙofa: "Malama, kuɗin makaranta nake biya, ba kuɗin wasa ba." Ina da amsa a baki. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabuntawa, a lokacin ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, kuma da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin. Amma mai NCE ba ta karanta wa Dakta takarda a bakin ƙofa. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka samu minti goma gobe, ka shigo ka yi mana ciniki."

Ya zo, ya tsuguna da babbar rigarsa. Na ba shi murafai, ya sayi madara da sukari, ya ajiye shida da gangan. 'Yarsa ta jera, ta duba, ta ce, "Baba, saura biyu." Ya ce bashi. Ta ce ba a bashi.

Ba kowa ya gamsu ba. Wata ɗaliba ta cire ɗanta, ta ce makarantar kuɗin da take son kai shi sai an gwada yaro da rubuta haruffa kafin a ɗauke shi. Ban ga laifinta ba, tsoronta na gaskiya ne. Saboda irinta ne muka fara rasit a shago: mai saye ya rubuta harafin farko na sunansa, a yashi tukuna, sannan a takarda.

Dakta kuwa, Litinin ɗin da ta biyo baya ya sauke 'yarsa da leda cike da murafai, ya ce daga ɗakin shan shayin malamai ya tattaro. Har ya juya zai tafi, ya dawo ya ce, "Amma dai Malama, aikin gida fa?" Na ce yau ta ƙirga masa cokulan gidan, gobe ta zo min da adadin.