Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Turmin da Gwaggo ta ce a cire

Na san na yi alkawarin ba ku labarin tashinmu daga gidan gado a wannan makon, amma ku yi haƙuri, maganar haƙorin nan ta tsaya mini a wuya.

Gwaggo, Allah Ya ji ƙanta, tana da magana ɗaya: "Abin da ya ruɓe cire shi ake yi." Da ita ta sa wanzami ya fizge mini turmi ina 'yar firamare, Inna na kuka a ɗaki ba ta da ta cewa. Da ita kuma ta raba Yaya da uwargidansa, baiwar Allah da ko ƙuda ba ta iya korewa. Wannan zan zo kansa.

Farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, ana kwana a layin banki. Turmin ƙasa na hagu ya fara da tsami in na sha ruwan sanyi, daga baya ya koma zugi, da na kwanta sai ya tashi. Na tauna kanumfari, na kuskure da ruwan gishiri. Wata maƙwabciya har ruwan batir ta ce in ɗiga, wai ya kashe tsutsar. Allah Ya tsare ni. Can sai ciwon ya ɗauke, na yi hamdala. Ba a jima ba kumatu ya haye.

Da na je asibiti, likitar haƙori ta ɗauki hoton haƙorin ta nuna mini wani baƙin tabo a gindin saiwa. "Hajiya, ba tsutsa ba ce. Ramin ne ya kai ga jijiya, ƙwayoyin cuta suka shiga. Shirun da kika ji mutuwar jijiyar ce, wannan kuma mugunya ce ta taru." Ta ce za a iya ceto shi.

Gwaggo da ta ji kuɗin sai ta riƙe haɓa. "Kuɗin buhun shinkafa a kan haƙori ɗaya? Ke 'yar nan, abin da ya ruɓe..." Ban bari ta ƙarasa ba, karo na farko a rayuwata. Malam ne ya biya, bayan taransifa ta yi ta maƙalewa.

An yi mini allurar kashe zafi a dasashi, leɓena ya yi nauyi kamar na aro. Likitar ta huda haƙorin ta sama, ta riƙa zura wasu siraran allurai masu kaushi cikin hanyoyin saiwar, uku ta samu, tana kankarewa tana wankewa da wani ruwa mai warin bilic. Ta sa magani ta toshe, ta ce in dawo. Da na koma ta cike hanyoyin da wata roba, daga baya aka sa masa hula, don haƙorin da aka yi wa wannan aikin yana saurin tsagewa. Buɗe baki ya fi damuna a kan zafi.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne giɓin wanzami. Likitar ta ce haƙoran gefensa sun kwanto ciki, na sama ya zazzago, shi ya sa tun ina budurwa da hagu kawai nake tauna.

Kuma wa ya kawo mini kunu da kumatuna ya kumbura? Uwargidan Yaya, wadda aka cire. Tun daga Kurna ta hawo adaidaita, babu tsabar kuɗi a gari. Yadda aka yi aka fitar da ita daga gidanmu, mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.