Katin Wi-Fi 7 da ya ƙi zama a kwamfutata

Sana'ata haɗa bidiyon biki da suna ce, a wani ɗan shago kusa da kasuwar Wadata a nan Yamai. Kwamfutar hannun da nake aiki da ita ta shekara huɗu a wurina, ba ta taɓa ba ni kunya ba sai a wuri ɗaya. Da zarar na shige ɗakin ciki don gudun hayaniyar titi, sai rezo ya fara ɗaukewa yana dawowa. Bidiyon amarya ya tsaya a rabin hanya, uwar biki kuwa tana ta kira.

Na ji labarin Wi-Fi 7, sabon zubin wifi mai ƙarin sauri, wanda aka fara ba na'urori shaidarsa a Janairun 2024. Faɗin hanyarsa na kaiwa 320 MHz, ninki biyu na wanda ya gabace shi, kuma yana iya kama zango biyu a lokaci guda, wato biyu daga cikin hanyoyin iska da wifi ke bi (2.4, 5 da 6 GHz). Raina ya biya. Na ba wani ɗan'uwa da ke zuwa Kano sautu, ya kawo mini Intel BE200, ɗan katin kama wifi da ake sawa cikin kwamfuta, bai fi babban yatsa ba. Da kuɗin sautun ya tasam ma jikka 20.

Daren da ya iso na kwance murfin baya, na cire wayar batir, na zare tsohon kati na sa sabo. Ramin ya karɓe shi daram, domin dukansu girma ɗaya ne, wanda ake kira M.2 2230. Na kunna. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Na mayar da tsohon, ta tashi lafiya lau. Na sake sa sabon, shiru. Sau uku ina yi, gabana na faɗuwa, don aikin mutane na mako biyu yana cikin wannan kwamfutar.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyara da na sani tun ina lakwal. Bai ko taɓa turnabis ba. Ya dubi tambarin da ke manne kusa da madannai, ya dubi katin.

"Ɗana, wa ka tambaya kafin ka saya?"

"Ban tambayi kowa ba, Baba. Na ga ramin ɗaya ne."

"Rami ɗaya, amma gida ba ɗaya ba. Taka AMD ce."

Laifin nawa ne, domin abin ba ɓoyayye ba ne. AMD da Intel kamfanoni biyu ne masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma BE200 ba ya tashi a kan kwamfutoci da dama masu ƙwaƙwalwar AMD. Wasu ba sa ganin katin, wasu kamar tawa ba sa kunnuwa sam. Mai AMD da ya nace sai Wi-Fi 7 ya nemi MediaTek MT7925 ko Qualcomm NCM865. Baba ya ƙara nuna mini abin da har yau nake gode masa a kai, wato lambar ƙarshe a sunan katin Intel. AX200, AX210 da BE200 cikakku ne, komai nasu na jikinsu. AX201, AX211 da BE201 kuwa rabin aikinsu yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar ita kanta, tsarin da ake kira CNVi, don haka sai da ƙwaƙwalwar Intel ta zamanin da aka yi su dominsa. A ido ba ka raba su. Masu sayarwa da yawa ma ba su san bambancin ba, ba wai sun yi niyyar cuta ba ne. Ya kuma ce wasu tsoffin kwamfutoci suna da jerin katunan da BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta, ya yarda da su, wanda ba ya cikin jerin ba zai wuce ƙofa ba.

Na ɗauki AX210 a wurinsa, Wi-Fi 6E, wanda ke zama da AMD da Intel duka. Kwamfuta ta tashi, ta ga kati. Murna ba ta daɗe ba, don sanda ɗaya ta alamar rezo kawai nake samu ko ina tsaye a gindin na'urar wifin. Na sauke direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, na sake sawa, na kashe na kunna, yini guda ya tafi a haka. Sai bayan isha'i na sake buɗe murfin da fitilar waya a hannu. Akwai siraran wayoyi biyu, baƙa da fara, da suka taho daga eriyar da ke bayan allo. Kansu ɗan maɓalli ne da bai kai ƙwayar dawa ba, MHF4 sunansa. Baƙar ta hau, farar tana zaune a kan gurbinta kawai ba ta shiga ba. Na saita ta sosai, na danna da farce a hankali har na ji ɗan ƙas. Sanduna suka cika nan take. Wannan wurin yana son haƙuri, don in ka danna a karkace gurbin ya lanƙwashe, katin ya tashi aiki ke nan.

BE200 ɗin na ba ƙanena da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, tasa Intel ce. Ya hau ba gardama, amma bayan kwana biyu ya kira ni.

"Yaya, ni fa ban ga bakwai ɗin nan ba."

Windows 10 gare shi, ita kuwa ba ta san Wi-Fi 7 ba, ko zangon 6 GHz ba ta buɗewa. Sai Windows 11, ita ma daga zubinta na 24H2 zuwa sama. Da yake an daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, muka sauya masa gaba ɗaya. Duk da haka bakwai ba ta fito ba, saboda kati ba ya gudu shi kaɗai. Na'urar da ke raba wifin ita ma dole ta zama ta Wi-Fi 7, kuma a gidajenmu da shagunanmu ban ci karo da irinta ba tukuna. Ta shagona Wi-Fi 6 ce, kuma intanet ɗin da ke shigo mana bai ko kusa cika hanyar da take da ita ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakin ciki. Sabon katin ya rage yankewar, amma bai kawar da ita ba. Tsakanina da na'urar akwai bangon siminti biyu da ƙofar ƙarfe, kuma zangon da ya fi sauri shi ya fi kasa ratsa bango: 2.4 GHz na kutsawa, 5 GHz na wahala, 6 GHz ya fi su rauni. Na kira mai wayarin, muka ja waya mita 10, muka ɗauke na'urar daga bayan kantar shago muka kafe ta sama a bakin ƙofar ɗakin. Ranar Asabar ɗin nan na tura bidiyon wani ɗaurin aure na Tawa tun daga farko har ƙarshe ina zaune a ciki, bai yanke ko sau ɗaya ba.